Tsadar Rayuwa a Tarihin Jamhuriyar Nijar: Waiwaye a Kan Shekarar 2005

Gabatarwa

A shekarar 2005 Jamhuriyar Nijar ta shiga rikici iri biyu a kan farashin kayan masarufi. Na farko ya auku a birane cikin watan Maris, lokacin da jama'a suka fito tituna don nuna ƙin amincewa da harajin da gwamnati ta ɗora wa madara, garin alkama, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki. Na biyu ya auku a karkara cikin damina, lokacin da gero ya yi tsadar da ta gagari manoman da suka noma shi, har yara dubbai suka kamu da tamowa. Galibi akan karanta waɗannan al'amura biyu a rarrabe, a sanya na farko cikin tarihin siyasa, na biyu kuma cikin tarihin bala'o'i. Wannan maƙala ta haɗa su wuri ɗaya, domin tushensu guda ne: kaya suna nan a kasuwa, amma abin da ke hannun magidanci bai kai kuɗinsu ba. Don fahimtar yadda aka kai ga wannan hali, sai an koma baya an dubi yadda haraji, darajar kuɗi da kan iyaka suka daɗe suna yanke wa tukunyar talaka hukunci.

Ma'aunin kasuwa da sunayen yunwa

Bahaushen Nijar yana lissafin kuɗin sefa da dala da jika. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya kuma sefa 1,000, wato dala ɗari biyu. Hatsi kuwa da tiya ake auna shi, kwanon awo da ke ɗaukar kimanin kilo biyu da rabi na gero, ta yadda tiya arba'in ke cika buhu mai kilo 100. Da waɗannan ma'aunai uku magidanci yake gane ko shekara ta yi kyau ko ta ɓaci. Idan aka ce tiya ta koma dala kaza, kowa ya san abin da hakan ke nufi ga tuwon dare da furar rana.

Sunayen da Hausawa suka raɗa wa manyan yunwa ma suna nuni ga kasuwa. Bayan Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, an yi 'Yar Buhu a 1927, wadda ake danganta sunanta da hatsin da aka riƙa kawowa daga nesa cikin buhuna. An yi 'Yar Gusau a 1942, lokacin da mutane suka riƙa niƙar gari zuwa Gusau neman abinci. An yi Muda a wajajen 1953 zuwa 1954, lokacin da ciniki ya koma na mudu-mudu. Yunwar 1984 kuwa mutanen Nijar da dama suna kiran ta da sunan Buhari, saboda a watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, aka toshe hanyar da hatsi da 'yan ci-rani ke bi. Buhu, mudu, garin da ake zuwa awo da iyakar da aka rufe, duka kalmomin saye da sayarwa ne. Abin da jama'a suka riƙe a zukatansu shi ne wahalar samun abinci da kuɗi, fiye da adadin ruwan saman da aka rasa.

Turawan mulkin mallaka na Faransa sun ɗanɗana wannan darasi a 1931, lokacin da fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasar, amma hukuma ta ci gaba da karɓar haraji kamar babu abin da ya faru. Mutane da yawa sun mutu, wasu suka yi ƙaura. Bayan wannan ne aka matsa wa ƙauyuka su riƙa tara hatsi a rumbunan tsimi na dole. Manoma sun ƙi jinin tsarin saboda tilascin da ke cikinsa, amma daga nan aka fara ɗaukar tanadin abinci a matsayin nauyin da ke wuyan hukuma.

Daga 'yancin kai zuwa karyewar darajar sefa

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta shiga kasuwa da ƙarfinta. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don cinikin gyaɗa, da COPRO-Niger don shigo da kayan masarufi da rarraba su. A 1970 aka kafa OPVN, ofishin da aka ɗora wa alhakin sayen hatsi a kaka, da adana shi, da fito da shi a lokacin tsada don farashi ya daidaita. Ba a daɗe ba sai farin da ya addabi yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙololuwa a 1973. Gyaɗa ta mutu, dabbobi suka halaka, aka kuma zargi wasu manyan gwamnati da karkatar da abincin agaji. Ranar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin, kuma batun abinci na cikin manyan dalilan da suka bayar. Tun daga lokacin duk mai mulkin Nijar ya san cewa kalmar yunwa tana iya cin kujera.

Kountché ya yi sa'ar hauhawar farashin yuraniyom a kasuwar duniya. Da kuɗin Arlit aka gina manyan gine-gine a Yamai, aka cika rumbunan gwamnati, aka kuma sauke wa mutanen karkara harajin kai a ƙarshen shekarun 1970. Sai dai arzikin bai ɗore ba. A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi katutu, ƙasar ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, daga bisani kuma Bankin Duniya. Sharuɗɗan da aka gindaya su ne rage kashe kuɗin gwamnati, da sayarwa ko rufe kamfanoninta, da sakar wa 'yan kasuwa cinikin hatsi. Aikin OPVN ya taƙaita ga kula da ajiyar ko-ta-kwana. Tsuke bakin aljihun ya shafi ilimi, abin da ya kai ɗalibai ga zanga-zangar 9 ga Fabrairu, 1990, inda jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, ɗalibai uku suka rasa rayukansu. Wannan lamari na cikin abubuwan da suka share fagen Babban Taron Ƙasa na 1991 da komawa ga siyasar jam'iyyu da yawa.

Zaɓaɓɓiyar gwamnatin Mahamane Ousmane ba ta cika shekara ba sai wani nauyin ya sauko. Daga ranar 12 ga Janairu, 1994, aka karya darajar sefa da rabi a duk ƙasashen da ke amfani da ita. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa a kan sefa 50 ya koma sefa 100. Ga ƙasar da ba ta da teku, wadda ke shigo da magani, shinkafa, man fetur da kayan gyaran mota daga waje, wannan na nufin tsada nan take. Hauhawar farashi a wannan shekara ta haura kashi 30 cikin ɗari, alhali ma'aikatan gwamnati suna bin bashin albashin watanni. A cikin shekarun ne kuma aka shimfiɗa tsarin da ya wajabta wa marar lafiya biyan kuɗin ganin likita da na magani a asibitocin gwamnati. A 2001 aka miƙa rarraba ruwan sha na birane ga kamfanin SEEN, wanda a lokacin wani kamfanin Faransa ne ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. Da haka, kafin a shiga 2005, magidancin Nijar ya riga ya saba da cewa abubuwa da dama da a da hukuma ke sassauta masa sun koma kan aljihunsa.

Harajin watan Janairu da boren birane

An sake zaɓen Shugaba Mamadou Tandja a watan Disamba na 2004, Hama Amadou kuma ya ci gaba da riƙe muƙamin Firaminista. Cikin 'yan makonni, a farkon Janairu 2005, aka zartar da dokar kuɗi da ta faɗaɗa harajin sayen kaya, wanda ake kira TVA, mai kashi 19 cikin ɗari. Kayan da a da aka yafe musu wannan haraji, kamar madara, garin alkama da sukari, suka shiga cikinsa, aka kuma rage adadin ruwa da wutar da ƙaramin gida zai sha ba tare da an caje shi harajin ba. Hujjar gwamnati ita ce kuɗin shigarta ba su taka kara sun karya ba, ga alkawuran da ta ɗauka wa Asusun Ba da Lamuni a sabuwar yarjejeniyar wannan wata, ga kuma ƙa'idojin haraji na ƙungiyar UEMOA. Jama'a kuwa sun lura cewa a shekarar ce ƙasar ke shirin karɓar baƙuncin wasannin ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci a watan Disamba, abin da ke cin kuɗi masu yawa.

Illar irin wannan haraji ita ce ba ya tambayar mai saye ko shi wane ne. Minista da mai tura baro kuɗi ɗaya suke ƙarawa a kan kwalin sukari, alhali kaso mafi yawa na abin da talaka ke samu a kan abinci yake ƙarewa. Mai shayi ya ga madara da sukari da burodi sun tashi a lokaci guda. Mai sayar da ruwa a garwa ya ƙara wa unguwannin da ba su da famfo kuɗi, don haka har wanda ba shi da mita a gidansa ya ji a jikinsa.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye, na ƙwadago da na farar hula suka haɗu a wani ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin jagorancin Nouhou Arzika. Ranar 15 ga Maris dubun-dubatar mutane suka yi maci a Yamai, taron da birnin ya daɗe bai ga irinsa ba. Da hukuma ta hana maci na gaba, sai ƙawancen ya sauya salo, ya nemi kowa ya zauna gida ranar 22 ga Maris. Kasuwanni suka kasance a rufe, motocin haya suka tsaya, birnin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Boren ya bazu zuwa Damagaram, Maraɗi, Tawa da Agadas. A ƙarshen watan aka kama jagorori biyar, wato Nouhou Arzika, Morou Amadou, Moustapha Kadi, Kassoum Issa da Moussa Tchangari, aka tuhume su da yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa, aka kuma rufe gidan rediyon Alternative na ɗan lokaci. Kamun bai kashe wutar ba. A farkon Afrilu aka sake su, aka zauna teburin tattaunawa, kuma ranar 19 ga watan aka cim ma yarjejeniya. An janye harajin daga madara da garin alkama, an faɗaɗa adadin ruwa da wutar da ba a caja, amma an bar shi a kan sukari, gwamnati kuma ta nemi cike giɓin ta wasu hanyoyin haraji.

Mutanen birni sun samu wannan nasara ne saboda suna da abin da za su hana gwamnati. Suna da ƙungiyoyi, da gidajen rediyo masu zaman kansu, da kasuwar da idan aka rufe ta baitulmali zai ji. Abin da suke ƙorafi a kai ma yana da lamba da kwanan wata da sa hannu, ana iya nuna shi da yatsa a ce a soke.

Daminar 2005: hatsi a kasuwa, yunwa a gida

Tsadar da ke tafe a karkara ba ta da irin wannan takarda. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a wurare da dama, farin dango kuma suka yi ɓarna, musamman a yankunan makiyaya. An ƙiyasta giɓin hatsi da kimanin tan 223,000, adadin da bai kai kashi goma cikin ɗari na bukatar ƙasar ba. A shekarun da aka saba, irin wannan giɓi 'yan kasuwa ke cike shi da hatsin Nijeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Amma a wannan karo hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya, don haka buhunan da aka saba ɗaukowa daga kasuwar Dawanau ta Kano zuwa Maraɗi suka ragu, wasu ma suka juya suka nufi kudu. Burkina Faso da Mali kuma suka taƙaita fitar da nasu.

Buhun gero da aka sayar a wajajen jika goma a kaka ya doshi jika talatin a wasu kasuwanni cikin watan Yuli. A lissafin awo, tiyar da take dala hamsin ta koma dala ɗari da hamsin. Gidan da ke cin tiya biyu a rana, wanda sefa 500 ke ciyar da shi, sai ya wayi gari yana bukatar sefa 1,500. A daidai lokacin ne kuma hanyoyin samun kuɗi suka tsuke. Dabbobi sun rame saboda rashin ciyawa, kowa kuma ya fito da nasa kasuwa, sai farashinsu ya karye, har makiyayi ya sayar da awaki biyu ko uku kafin ya samu hatsin da akuya ɗaya ke saya a da. Ƙaramin manomi kuwa tun a kaka ya sayar da wani kaso na amfanin gonarsa da arha don biyan bashi, biki da magani. Da bazara ta yi, rumbu ya ƙare, sai ya dawo kasuwa yana sayen geron da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da dami idan kaka ta zagayo. Wasu suka bar gonakinsu suka tafi ƙwadago a gonakin masu hali, abin da ke rage amfanin shekara mai zuwa. A ƙauyuka da dama mata suka koma ga anza da ganyayen daji.

Wani abin lura shi ne inda tamowa ta fi tsanani. Jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda ake ɗauka a matsayin rumbun ƙasar, su ne suka cika cibiyoyin jinyar yara. A can ne jama'a suka fi yawa, gonaki suka tsuke, gidaje da dama suka dogara ga awo na watanni masu yawa a shekara. Kasuwar Maraɗi ba ta rasa hatsi ba ko a tsakiyar damina. Haka kuma uwar da ɗanta ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ko gudawa tana bukatar kuɗi kafin a duba shi a asibiti, don haka tsadar abinci da tsadar magani suka haɗu a kan yaro ɗaya. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a wannan shekara.

Matakin farko da gwamnati da masu ba da tallafi suka ɗauka shi ne sayar da hatsi a farashi mai rahusa, jika goma kowane buhu. Sun guji rabon kyauta don gudun kada a rikita kasuwa, a kuma saba wa jama'a zaman jira. Amma hatsin bai wadata ba, sannan wanda ba shi da ko dala, rahusa ba ta amfane shi da komai ba. A farkon watan Yuni ƙungiyoyin farar hula suka yi maci a Yamai suna neman a raba abinci kyauta. Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin samun abinci, ya ziyarci ƙasar a watan Yuli ya goyi bayan wannan kira. Sai da hotunan yaran Maraɗi suka bayyana a talabijin na BBC sannan tallafi ya fara kwararowa, aka soma rabon kyauta gadan-gadan a watan Agusta, watan da Kofi Annan ya ziyarci Damagaram. A cikin watan ne kuma Shugaba Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, yana zargin 'yan adawa da ƙungiyoyin agaji da kambama lamarin. Wanda ya san abin da ya faru a 1974 zai gane dalilin da ya sa kalmar take da nauyi a fadar shugaban ƙasa, sai dai gardama a kan suna ta ci lokacin da yara ba su da shi.

Abin da ya biyo baya

Shekarar ta bar wasu sauye-sauye. A ƙarshen 2005 aka yafe kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma aka ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, ko da yake jinkirin gwamnati wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya sha jefa tsarin cikin matsala. Da aka sake samun ƙarancin abinci a 2010, gwamnatin soja ta Salou Djibo ta fito fili ta amince da shi, ta nemi agaji da wuri. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta zo da shirin 3N, mai manufar 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar. Amma batun haraji bai kwanta ba. Dokar kasafin kuɗin 2018 ta sake fito da jama'a tituna, kuma a watan Maris na wannan shekara aka sake kama Nouhou Arzika da Moussa Tchangari, tare da Ali Idrissa, suka shafe watanni a tsare.

Batun kan iyaka ma ya dawo. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Nijeriya da Benin, Nijeriya kuma ta katse wutar lantarkin da a lokacin take samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Shinkafa da magunguna suka yi tsada, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024. Sabbin mahukuntan ma sun nemi kusantar jama'a ta hanyar farashi, inda a 2024 suka rage kuɗin man fetur, na jinya a asibitocin gwamnati da na siminti.

Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa ikon magidanci na sayen abin masarufi a Nijar ya rataya a kan abubuwa huɗu: damina, haraji, darajar kuɗi da kan iyaka. Ɗaya ne kawai daga cikinsu ya fi ƙarfin ɗan Adam, sauran ukun mutane ne ke zama su yanke su, a Yamai, ko Abuja, ko Paris, ko Washington. Shekarar 2005 ta kuma nuna cewa kukan tsada ba ya isa kunnen hukuma da sauri ɗaya. Ƙarin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan birni an janye mafi yawansa cikin watanni huɗu, saboda waɗanda abin ya shafa sun iya rufe kasuwa. Ninkin farashin gero kusan sau uku a karkara kuwa ya kai watan Agusta kafin a ɗauki matakin da ya dace da shi. Saboda haka, mai nazarin tarihin wannan yanki da ke son sanin halin da jama'a suka kasance a wata shekara, bai kamata ya tsaya ga yawan hatsin da aka girbe ba. Sai ya binciki nawa aka sayar da tiya a watan Yuli, nawa aka sayi akuya, nawa ne ladan yinin ƙwadago, da kuma nawa ake biya kafin likita ya duba yaro.